Fitilar Tsaki a Kan Kifin Yaya A'i

Malam Abdulsalami Mai Kaji mijin yayata ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kuma ni ban taɓa barin nawa kason ya kwana ba. Tun ranar da aka kai Yaya A'i gidansa a Birnin Kudu nake tsokanarsa, yau shekara talatin da huɗu, har gobe kuwa bai gane cewa rabin tsokanar da gaske nake yi ba.

In ka gan shi ba za ka raina shi ba. Dogo ne, mai tsabta, gemunsa a gyare, yana magana a hankali irin ta wanda ya tabbata ba za a katse shi ba. A aljihun rigarsa na gaba kullum akwai tef ɗin awo irin na tela, ya yi laushi don tsufa, lambobin farko duk sun goge. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa suna da jana'iza. Na taɓa ganinsa ya auna faɗin tabarmar da aka shimfiɗa masa a gidan gaisuwa, ya kaɗa kai, ya mayar da tef aljihu.

Haifaffen Wurno ne, ɗan manoman gero da dawa. Da ya taso sai ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana kallon sama yana jiran hadari ba, ya tafi wani gidan gona a hanyar Kano ya yi shekara shida yana sharar kashin kaji. A can ya koyi renon 'yan tsaki. Ya dawo Birnin Kudu ya gina ɗakin kaji a bayan gida, ya riƙa sayo tsaki 'yan kwana ɗaya, ya rene su sati huɗu, matan gari su saye su ƙarasa. Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, kuma gaskiya ɗaya ce, hannunsa na da kyau. Lokacin sanyi, sa'ad da tsakin kowa ke mutuwa kwando-kwando, nasa ko atishawa ba sa yi.

Sirrin, in ji shi, fitila ce. Wani ƙwan lantarki ne irin na da, jan nan mai wat ɗari biyu wanda in ka taɓa shi sai fatar yatsanka ta tashi. Ya huda tsohon kwanon sha ya kifa masa a ka, ya rataye shi da siririyar sarƙa a jikin ƙugiya, yadda zai iya saukewa ko ɗagawa zobe ɗaya-ɗaya. Ga kuma ƙa'idar, wadda duk wanda ya taɓa zama da shi minti goma ya haddace ta ko bai so ba:

"Tsako ba ya ƙarya. In ka ga sun cure ƙarƙashin fitila, sanyi suke ji, sauke ta. In ka ga sun gudu sun manne da bango, zafi ya yi yawa, ɗaga ta. In sun bazu kowa na harkar gabansa, cire hannunka."

Magana ce ta gaskiya, a kan tsaki. Matsalar ita ce Allah ya ba Malam Abdulsalami ilimi guda ɗaya tak, shi kuwa ya ɗauka duka aka haɗa aka ba shi. In jikansa ya maƙale a jikin uwarsa, sanyi ne, a ƙara masa zane, yaro na zufa yana ihu. In mutane sun cika ƙofar gidan ɗan siyasa, sai ya ce ɗumi suke nema, ranar da aka kashe fitilar za ku gani. Wannan kam na yarda ya dace. Amma mutumin da ko gardamar ganin wata ake yi sai ya gyara zama ya ce "ai kamar tsako ne", ka san abin ya wuce sana'a ya zama lalura.

Da abincin kaji ya yi tsadar da ba a iya wa, shekara biyar ke nan, ya rufe ɗakin ya rabu da kwanukan ci da na sha. Fitilar kuwa bai rabu da ita ba. Ya goge ta, ya naɗe ta a tsohon rawani, ya sa a akwatin da yake ajiye rigunan Sallah. Ya koma zaman gindin darbejiya a ƙofar gida, yana raba shawara kyauta ga wanda ya nema da wanda ya tsaya gyara takalmi kawai.

Mu kuwa 'yan wani ƙauye ne a yankin Kwandiko, ƙasar Gwaram, kuma masunta ne kaka da kakanni. Yaya A'i ce babba a ɗakinmu. Tun tana 'yar shekara tara Baba ya ɗora mata aikin da ba kowa ake ba wa ba, wato riƙon kifi da rai. Abin da aka kamo yau, in ana so ya kai ranar kasuwa yana motsi, ita ake miƙa wa. Manyan randuna shida ne a gindin tsamiya, ita ke sauya musu ruwa, ita ke kafa musu zana in rana ta juyo. Da ido kawai take gane randar da ruwanta ya gaji. Da ta yi aure sai ta ninke duk wannan ta ajiye, don a gidan Malam ba a kawo hirar kifi. Yakan kira mu 'yan kogi, ya ce kifi ai ba kiwo ba ne, mahaɗin miya ne.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida tana shanyar kuɓewa. Ɓarin hagu ya shanye. Bakinta ya dawo bayan wata biyu, a hankali dai, amma ana jin ta sarai. Ƙafa da hannu ba su dawo ba. Matar da ban taɓa ganin ta zauna ta cinye tuwonta a wuri ɗaya ba, ta koma kwance tana kallon silin daga asuba zuwa magariba. 'Yarsu Murja, da ke aure a unguwa ta gaba, tana zuwa kullum da safe. Ni ina koyarwa a wata firamare a Gwaram, sai Juma'a nake hawo babur in zo in yi kwana biyu.

A nan dole in yi wa Malam adalci, ko da ba na so. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke dama mata koko ya ba ta a baki, ban taɓa ganin ya ɓata rai ba. Yana son ta, wannan ba shakka. Sai dai so ne irin wanda yake yi wa tsakinsa: a ci, a sha, a ji ɗumi, ba a tambayar ra'ayi.

Wata rana sun je Kano ganin likita, suka tsaya wani kantin magani. A can akwai akwatin gilashi cike da ruwa, 'yan kifaye masu launi na yawo a ciki, ga fitila a sama. Yaya tana kan keken marasa lafiya ta kafa wa abin ido, har aka gama haɗa magani aka kira su sau biyu ba ta ji ba. Malam ya lura. Ya zaro tef ya shiga auna akwatin mutane, tsawo da faɗi da zurfi, mai kanti na kallonsa baki buɗe.

Ya dawo ya sa mai yankan gilashi a kasuwa ya yanka masa falle biyar, ya sayo gam irin na masu tagogi. Akwatin farko da ya haɗa ya yi yoyo. Na biyu ya buɗe da tsakar rana ya wanke ɗakin tas, har da takalman Murja a bakin ƙofa. Na uku ya riƙe. Ya ɗora shi a kan benci daidai wajen ƙafar gadonta, inda in ta buɗe ido shi za ta fara gani. Sannan aka aike ni ƙauye wurin Bappa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage yana su a cikin tsofaffinmu. Na dawo da jarka a bayan babur, 'yan karfasa bakwai da kawara huɗu, kowanne bai wuce yatsa ba, da yashin kogi a leda da 'yar ciyawar ruwa.

Ranar da aka juye su Yaya ta yi dariya, karo na farko tun da ta faɗi. Rabin bakinta ne ya yi dariyar, amma ni da Murja sai da muka fita waje muka share ido. Ta ce a ɗaga mata filo. Ta nuna wanda zai zama mafaɗaci a cikin karfasan, kuma haka aka yi. Daga kan gado ta shiga ba da umarni: a rage sulusin ruwan duk kwana biyu, a cike da wanda ya kwana a randa, kada a zuba dusa fiye da abin da yatsu uku za su ɗauka. Ta dawo da cin abinci. Ta fara tambayar labarin 'yan ƙauye, wa ya rasu, wa ya haihu, wa ya ƙaura. Kifin nan goma sha ɗaya su ne abin da Yaya take buɗe ido dominsu da safe, kuma kowa a gidan ya san haka.

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ɗakin yana da duhu, taga ɗaya ce ƙarama, ana bukatar haske a kan ruwan. Na kawo farin ƙwai irin na yanzu, wanda ko ya wuni a kunne za ka riƙe shi a tafin hannu. Malam ya juya shi, ya jinjina, ya miƙo mini abina.

"Wannan ai hasken banza ne, Jafaru. Abu mai rai ɗumi yake so."

Ya shiga ɗakinsa. Na ji ƙarar murfin akwatin rigunan Sallah. Ya fito da rawani a rungume.

Ya kafa ƙugiya a silin, ya rataye fitilar tsaki inci talatin daga saman ruwa, ya ja layi da fensir a bango ya rubuta lambar. Ƙarshen Fabrairu ne, zafi ya fara leƙowa. Abin ya yi kyau, ba ƙarya, ruwan ya yi ja-ja kifin na walƙiya. Asabar ta gaba da azahar ina zaune a ɗakin, rana ta dafa rufin kwano, sai kifin suka taso saman ruwa daidai ƙarƙashin fitilar suna buɗe baki suna rufewa. Malam ya shigo ya gani, fuskarsa ta washe kamar ya haɗu da tsohon aboki a tasha.

"Kun gani ko? Sun cure."

"Malam," in ji Yaya, "zafi suke ji. Iska suke nema. Ka ɗaga ta, ko ka kashe har la'asar."

"Ke dai kwanta ki huta. Mai jin zafi gudu yake yi, ba ya matsowa."

"Ina za su gudu, Malam? Akwati ne."

"Shekara ashirin da shida ina wannan aikin, A'i."

"Kaji ka yi."

"Rai ai ɗaya ne."

Ya sauke zobe uku, ya auna, ya ja sabon layi ya rubuta ashirin da huɗu.

Abin da ya yi wa kifin nan rana a makonnin farko shi ne ɗauke wuta. Ba na jin a Birnin Kudu an taɓa samun mai addu'ar a ɗauke wuta sai Yaya A'i. Da zarar fitila ta mutu, bayan ɗan lokaci sai kifin su koma ƙasa su bazu, kowa na harkar gabansa. Murja ma, duk da tsoron babanta da take ji, takan saci jiki ta kashe ta in ya leƙa waje. Na nuna wa Malam, na ce ga ƙa'idarka ta uku nan ta cika, kuma fitilar a kashe take. Bai ko ƙifta ido ba. Ya ce ɗumin da ta bari ne suke ci. Washegari ya jawo tsohon janaretan ɗakin kaji ya kai wa makaniki, don kada a sake barin bayin Allah cikin sanyi.

Sanyi fa, a watan Maris, a Birnin Kudu, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

A gindin darbejiya kuwa labari ya ɗauki wani salo. Maza ba sa shiga ɗakin matar mutum, don haka ba wanda ya ga akwatin, sai abin da Malam ya faɗa. Ya ce bincike yake yi. Ya ce in ya gano tsayin da ya dace, inci kaza daidai, har masu kiwon kifi a tafki sai sun yi layi a ƙofar gidansa. Tsofaffi suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya taimaka, don ba su da inda za su je kafin la'asar.

A inci goma sha takwas kawara huɗun suka mutu, safiya ɗaya Murja ta tsame su da ludayi. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta kira shi ta ce masa, kalma ɗaya-ɗaya yadda bakinta ya iya, kawara ba ta da juriya shi ya sa ta riga, karfasa ma suna hanya. Ta ce ya sa hannunsa a ruwan ya ji. Ya ce ba a sa hannu a wurin reno, cuta ake kai musu. Bayaninsa shi ne sanyi ya riga ya shige su tun a jarka, a bayan babur ɗina. Ya samo tsofaffin buhunan abincin kaji ya naɗe akwatin ta gefe uku, ya rufe tagar, ya hana Murja zuba ruwan randa. Daga yau, in ji shi, sai an ɗan ɗumama.

Juma'ar da na zo, yana fita masallaci Yaya ta ce, "Jafaru, don Allah hau kujera ka ɗaga fitilar nan." Na hau na ɗaga ta har silin, na yaye buhunan, na buɗe taga. Ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi fitila, ya dube ni, ya zaro tef. Bai yi faɗa ba, Malam ba ya faɗa. Ya mayar da komai yadda yake, ya ƙara sauke zobe biyu don a rama abin da aka rasa, sannan ya fita ya dawo da ɗan kwado irin na akwatin makaranta, ya datse sarƙar a jikin ƙugiya, ya jefa makulli a aljihun tef. Wayar ma ya sauya mata hanya ta bi ta saman bango zuwa ɗakinsa, makunnin ya koma can.

Ni kuwa me na yi? Dariya. Na riƙe ciki ina dariya, na ce Malam ka ɗaure fitila kamar akuyar da ta saba shiga gonar mutane, na yi ta ba da labarin a ofishin malamai a Gwaram har sati ya zagayo. Na ɗauke shi wani sabon babi ne na wasan da muka saba. Ban dubi fuskar Yaya ba lokacin da kwadon ya yi ƙara. Dariyar nan har yau tana ci mini rai. Da na sa guduma na fasa kwadon, iyakarta ya yi fushi da ni na wata ɗaya.

Wata Laraba ce a cikin Afrilu. Ba na nan, Yaya ce ta ba ni labari daga baya, ba tare da ta ɗaga murya ba. Wuta ta zo tun safe ta zauna daram. Murja ta kai ɗanta rigakafi. Fitila na inci goma. Da hantsi karfasa bakwai ɗin suka taso suka jeru a sama. Ta kira Malam, yana gindin darbejiya yana bayani, bai ji ba. Da azahar ya shigo alwala, ta ce masa, "Malam, don girman Allah, yau kaɗai." Ya duba, ya ga sun cure fiye da kullum, ya ce lallai yau abin ya tsananta. Ya buɗe kwado ya sauke zuwa inci shida, ya rufe, ya gyara mata filo, ya tafi masallaci.

Tana kwance tana kallo. Akwatin bai fi taku biyu daga ƙafarta ba. Ta ce ta gwada jan jiki da hannun dama har ta kai bakin gado, ta ga in ta ƙara faɗowa kawai za ta yi ba ta kai ba, sai ta tsaya a nan. Ɗaya ya kifa gefe, ya daɗe yana juyi, ya tsaya. Sai na biyu. Mafaɗacin nan shi ne na ƙarshe, ana kiran la'asar. Da Murja ta dawo ta tsoma hannu, ta ce ruwan ya yi daidai wankan jariri.

Na iso Juma'a na tarar an wanke akwatin an kife, Yaya ta koma kallon silin. Malam ya tare ni a zaure da hukuncinsa a shirye. Kifin da na kawo marasa lafiya ne tun asali, 'yan kogi sun zaɓo masa raunana, gobe shi da kansa zai je ya zaɓa. Haka na goya shi a babur da jarka a cinyarsa, tafiyar fiye da awa ɗaya, zuwa garin da rabonsa da shi tun rasuwar Baba.

Mun sami Bappa a gindin tsamiyar nan yana gyaran taru. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka kawo fura. Sannan Malam ya gyara zama ya zayyana bincikensa tun daga inci talatin har zuwa shida, da buhu, da ruwan ɗumi, bai bar komai ba. Bappa ya ajiye taru yana kallonsa. Ya kai shekara saba'in da biyar, ya ga abubuwa da yawa, amma na ga alama wannan sabo ne a wurinsa.

"Malam Abdulsalami, dafa su ka yi niyya, ko kiwo?"

Malam ya yi murmushin haƙuri ya fara, "Ai shi tsako in ya..."

"Bar tsako. Kifi in ya taso sama yana buɗe baki, ruwa ya yi zafi, iskar cikinsa ta ƙare. Inuwa yake so da sabon ruwa mai sanyi. Haske kuwa in don ka gan shi ne, nesa da shi, can sama." Sai ya ɗaure fuska. "Tsaya tukuna. A wane ɗaki ka ce akwatin yake?"

"Ɗakin A'i."

"A'i tamu? Ciwon ya taɓa idonta ne?"

"A'a, tana gani."

"Bakin fa? An ce ya dawo."

"Ya dawo."

"To ba ta ce komai ba? Yarinyar da ni kaina in randata ta rikice ita nake kira, tun ba ta kai kafaɗata ba?"

Malam ya dubi ƙoƙon furar da ke hannunsa. "Ta ɗan yi magana," in ji shi.

Bappa ya kaɗa kai. Ya tashi ya zaɓo karfasa tara ya zuba a jarka, ya miƙa mini, ba shi ba.

A hanyar dawowa Malam bai ce uffan ba har muka ci fiye da rabin hanya. Ina jin jarkar na bugun bayana, ina jin numfashinsa, wallahi har tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina yau dai magana ta shiga. Na fara shirya yadda zan zame in ba su wuri in mun isa, don mai shekara sittin da biyar ba zai so a ga yana ba matarsa haƙuri ba. Mun hango gidajen Birnin Kudu ke nan sai ya taɓa kafaɗata.

"Jafaru, ka san da ma ina zargin haka. Kifi tsako ne a juye. Ƙa'idar tana nan daram, juya ta kawai za a yi."

Saura kaɗan in saki kan babur.

Ya shiga gida da kuzari. Ya buɗe taga, ya kwashe buhuna, ya cika akwati da ruwan randa, ya buɗe kwado ya ɗaga fitila har inci arba'in, ya ja layi. Har farin ƙwan nan nawa ya nema ya ɗaura, ya ce ya yi nazari ya ga shi ya fi dacewa da wannan fanni. Aka juye kifi suka bazu. Sannan ya jawo kujera gaban gadon Yaya, ya zauna, ya gyara murya.

"A'i, ki saurara da kyau, don ilimi ne, ko ba na nan ki gaya wa Murja. Kifi in kika ga ya taso sama yana buɗe baki, kada ki ce sanyi ne. Zafi ne. Iska yake nema. Sai a ɗaga fitila, ko a kashe ta har la'asar."

Ta saurare shi har ya kai aya, idonta a kansa. Ta ce, "Allah ya ƙara sani, Malam." Ya ce amin, ya tashi ya nufi gindin darbejiya, don akwai masu jiran sakamakon bincike.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace ta ce, "Jafaru, awa nawa kuka yi a hanya?"

Na ce zuwa da dawowa ta kusa uku.

"Daga bakin ƙofar nan zuwa gadona taku huɗu ne." Ta ɗaga hannun dama ta nuna bango. "Kira Murja ku juya mini gadon nan. Bango nake so in kalla."

Na yi ta roƙonta. Na ce Bappa ne ya zaɓo su da hannunsa, na ce dubi wancan mai jan ƙirji. Ba ta duba ba. Muka juya gadon.

Yau wata tara ke nan. Karfasan sun yi ɓul-ɓul, har sun hayayyafa. A gindin darbejiya an fara kiransa Mai Kifi, kuma yana amsawa. Murja ke sauya ruwa bisa umarnin babanta, wanda shi ne umarnin uwarta na farko, ba ragi ba ƙari. Yaya tana cin abin da aka ba ta, tana amsa gaisuwa, ta daina tambayar labarin ƙauye. Akwatin na bayan kanta, ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba.

Makon jiya Malam ya ja ni zaure. Ya rame, kuma damuwar da ke fuskarsa ta gaske ce, ban taɓa ganin irinta a wurinsa ba. Tef na hannunsa, yana naɗewa yana warwarewa.

"Jafaru, yayarka ta daina kallon kifin nan, kuma don ita na yi. Abin nan ya hana ni sukuni, na auna ta ko'ina. Ina ga fitilar ce ta yi sama da yawa, ba ta ganinsu sosai shi ya sa ta haƙura. Inci nawa kake ganin zan sauke?"

Na ce, "Malam, ga ta can a ɗaki. Ka shiga ka tambaye ta mana."

Ya dube ni da mamaki na tsakani da Allah.

"A'i? Ina A'i ta san inci?"